Bishiyar da Ta Fi Ƙarfin Firij

Ƙwallo bakwai aka zuba mini a tafin hannu, a ofishin wata masana'antar ɗinkin jins da ke Xintang, a ƙasar China. Su ke nan, ba a sayar da irinsu a kasuwa, wanda ya kawo su kuma ya riga ya hau jirgi ya koma ƙasarsu. Bayan ƙwallayen akwai abin da ya fi su nauyi a wurina, wato gurbin da nake da shi a masana'antar. Mai ita, wanda muke kira Lawban kamar yadda ake kiran kowane mai gida a kasuwannin can, ba ya karɓar ƙaramar oda. Manya ne ke cika masa layi, masu loda kwantena su kaɗai. Ni kuwa a lokacin haɗa kwantena nake yi da mutane. Yana ɗinka mini 'yan wandunana ne a ƙarshen aikin manya, da ragowar yadinsu, don kawai ya ɗauke ni mutumin da in ya ce zai yi abu yana yi. Ban da wannan shaidar ba ni da komai a wurinsa. Ranar nan kuma da bakina na ce zan mayar masa da ƙwallayen nan bishiya.

Wani Ba'amurke mai sayen jins ne ya kawo masa su tsaraba, a farkon shigowar sanyi. Ya gaya masa a garinsu mutane na yawo da irin ƙwallon a aljihu don neman sa'a. Lawban kuwa duk abin da aka ce yana jawo sa'a yana so, ofishinsa cike yake da kifaye a gilashi da 'yan shuke-shuke masu jan ƙyalle a wuya. Sai ya ƙudurta cewa tun da ƙwallo ɗaya na kawo sa'a, bishiya guda a ƙofar masana'anta ai sai abin da hali ya yi.

Na shigo duba samfur ne na gan su a faranti kusa da butar shayi. Launinsu kamar na jan goro da ya sha mai, sai sheƙi suke, kowanne da wani babban tabo fari-fari a gefe guda. Mahaifina goro ya sayar har ya bar duniya, a cikin huhunan goro na tashi, don haka hannuna ne ya kai kansa. Na ɗauki ɗaya na jinjina, na danna da farce, na shinshina. Na ce wa Lawban wannan cike yake, wancan ya fara sakin ruwa. Ya zuba mini ido. Da guntun Turancin da muke ciniki da shi ya tambaye ni ko na san abin. Na ce na san ɗan'uwansa. Ya ce na iya shukawa? Na ce ba matsala. Kalmar da nake faɗa ke nan tun safe har yamma a kasuwa, ta fita kafin in auna ta.

Ya haɗa mini da wani ɓallin ɓawo da Ba'amurken ya bari, mai kauri da santsi kamar fatar jaka. Na zuba duka a aljihu na kamo hanyar Panyu.

A Panyu muna haya ɗaya da wani dattijo ɗan Damagaram mai sayen takalma da fulas, wanda ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Alhaji. Shi kuma Bakano yake ce mini, musamman in yana neman tsokana. Na baza ƙwallayen a tabarma, ya gyara tabarau.

"Wannan kuma goron wace ƙasa ne?"

"Ba goro ba ne, Alhaji."

"To mene ne?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ka karɓo amanar abin da ba ka san sunansa ba? Kai Bakano, ko tsakuwa aka ce ka shuka sai ka ce ba matsala."

Ya juya ɗaya ya ce ai ya gane shi, shi ne abin nan da ake gasawa cikin baƙin yashi a bakin titi in sanyi ya shigo, ana sayarwa a takarda. In na kashe waɗannan sai in sayo kilo guda in shuka, wa zai sani? Washegari na sayo ɗanyensa a kasuwar kayan miya na jera su gefe da gefe. Kamar akwai, amma na kasuwa yana da tsini a kai da ɗan gashi, gefensa ɗaya a baje, mai sayarwa kuma ya nuna mini ɓawonsa, ƙaya ce zalla kamar bayan bushiya. Nawa kuwa a mulmule suke, ba tsini, ɓawonsu sumul. Alhaji bai yarda ba. Kafin in ankara ya sa 'yar wuƙarsa ta goro ya ƙwarzani ɗaya daga cikin nawa ya kai baki. Ya tofar, ya kuskure baki, ya ce maɗaci ma ya fi wannan mutunci.

Tun da ban san abin da nake riƙe da shi ba, sai na yi masa yadda nake yi wa kaya in ban yarda da jirgi ba, na raba. Biyu na binne nan take a bokiti na ajiye a baranda ina ba su ruwa. Biyu na ba Alhaji, don ya kafe a kan cewa babu irin da ake ajiyewa da danshi. Ya ce tun kakanninsa gero da wake da gyaɗa sai sun bushe ƙarau ake kai su rumbu, ko a China ne iri iri ne. Ban iya musa masa ba, don ni ma haka na sani. Ya shanya su a murfin tukunya inda rana ke faɗowa. Ragowar ukun, har da wanda ya ƙwarzana, na yi musu abin da na ga mahaifina na yi wa goro. Ba ni da ganyen fita, ba ni da algarara, sai na jiƙa wani yankin jins na samfur, na matse, na naɗe su a ciki na tura ƙarƙashin gado inda ba zafi. Ba wani ilimi ne ya sa ni ba. Abin ya yi mini kama da goro, goro kuma ba ya son iska.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla a Masallacin Huaisheng, na tari wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatun likita a ɗaya daga jami'o'in garin. Likita nake ce masa tun bai kai ko'ina ba. Na nuna masa ƙwallo ɗaya da ɓallin ɓawon na ce ya bincika mini a na'urar makarantarsu. Juma'ar da ta zagayo na hango shi yana kutsowa cikin mutane yana nemana.

"Yaya, da farko dai, ba wanda ya ci ko?"

"Alhaji ya ɗanɗana."

"Ya haɗiye?"

"Ya tofar."

"Alhamdu lillahi. Guba ne, ɗanye ko gasasshe. A ƙasarsu har shanu yake kayarwa."

Muka koma gefe ya yi mini bayani. Bishiyar Amurka ce, a can suna kiran ƙwallonta idon barewa saboda tabon nan. Dangi ne masu yawa. Akwai mai ƙaya-ƙaya a ɓawo, ba ita ba ce tawa. Mai santsin ɓawo da manyan ƙwallaye irin wannan, mafi yawa ita ce mai fure ruwan ɗorawa, wadda ke girma ta wuce bene. Amma akwai wata mai jan fure, ita ma ɓawonta da santsi. Ganye zai rage shakka, fure ne zai yanke hukunci.

"Yaushe take furen?"

"Sai ta yi shekaru, Yaya. Da yawa."

Sai ya ƙara da abin da ya dagula mini lissafi. Ya ce ƙwallon in ya bushe ya mutu. Kuma ba ya tsirowa sai ya sha sanyi mai tsanani wata uku ko huɗu cikin danshi, kamar yadda yake kwana a ƙarƙashin ƙanƙara a ƙasarsu. Na ce ya sake faɗa. A saninmu iri zafi yake so da ruwa, sanyi kuwa kashe shuka yake. Ya ce shi ma sai da ya karanta ya sake karantawa. Na ce to ina zan samo ƙanƙara a Guangzhou, garin da ko a tsakiyar hunturu rigar sanyi ɗaya ta ishe ka? Ya ce ba kuna da firij ba?

Na dawo gida na ɗauki na Alhaji na girgiza a kunne. Ƙwas-ƙwas suke, cikin ya tsuke ya rabu da ɓawo. Alhaji ya ce ai haka ake so, sun nuna ke nan. Na gaya masa abin da Likita ya ce, ya yi tsaki ya ce yaron da bai taɓa riƙe fartanya ba. Muka jiƙa su, muka binne, ba abin da ya fito. Daga baya ya tone su ya wanke ya ajiye. Na bokitin baranda kuma da na tona bayan wani lokaci, sun zama baƙin taɓo mai wari. Huɗu sun tafi ban ga ko koren ganye ba.

Ukun da ke cikin jins suna nan da nauyinsu. Na zuba su a leda da jiƙaƙƙen yashi na sa a aljihun ƙasa na firij. Matsalar ita ce a nan Alhaji yake ajiye goronsa na gaske, wanda matafiya ke kawo masa daga gida, gidanmu kuma ba ya rabuwa da baƙi 'yan kasuwa masu kwana biyu su wuce. Wata safiya na fito daga wanka na tarar da wani baƙo daga Kano zaune da ƙwallona a hannu yana ta fama da shi da farce.

"Wallahi goron nan naku na China taurin kai gare shi, ya ƙi ɓaruwa."

Ban san lokacin da na fizge ba. Mutumin ya ji haushi, ya ce shi bai taɓa ganin inda aka hana baƙo goro ba. Alhaji na gefe yana dariya har da tari, yana cewa a yi haƙuri, Bakano ne, 'ya'yansa ne a ciki. Daga ranar na ɗaure ledar da igiya na naɗe da salatif, duk baƙon da ya sauka kuma kafin in nuna masa alƙibla sai na nuna masa ledar.

Kowane mako nakan buɗe in duba, in juya su, in yayyafa ruwa, kamar yadda ake zazzage huhu a tsince wanda ya kamu. Wanda Alhaji ya ƙwarzana ya yi furfura ta wurin ciwon, na jefar. Saura biyu. Duk zuwan da na yi Xintang sai Lawban ya ɗaga gira ya nuna ƙasa da yatsa. In ce suna firij. Ya ɗauka ban fahimci tambayar ba, ya sake yi a hankali. In sake ce masa suna firij. Ni kaina da nake faɗa ban san ko magana ce mai ma'ana ba.

Wajen ƙarshen sanyi na buɗe ledar na ga ɓawon ɗaya ya tsage, wani farin abu mai kauri kamar haƙorin kare ya leƙo. Bayan 'yan kwanaki na biyun ma ya yi. Likita ya ce saiwar ƙasa take nufa kai tsaye, ba ta son tukunya marar zurfi, sai na samo bokitan fenti dogaye na huda gindinsu. Abin da ya fito daga ƙasa ja-ja ne, a naɗe kamar lemar da ba a buɗe ba. Cikin ɗan lokaci ya miƙe ya ware, kowane ganye yatsu biyar kamar tafin hannu.

Alhaji ya tsaya a kansu da carbi ya ce, "Rogo ne. Duk wahalar nan a kan rogo."

Da ya ƙara dubawa ya ce a'a, kuka ce. Ni kuma rimi ya faɗo mini. Muka yi ta ja har na kira Likita a waya. Ya ce in duba yadda ganyen ke fita daga kara. Na duba, biyu-biyu suke fita, wannan na kallon wancan, ba a karkace ɗaya bayan ɗaya kamar na rogo ko kuka ba. Ya ce in shafa bakin ganyen. Akwai 'yan haƙora ƙanana kamar na zarto. Ya ce to ita ce, ko dai 'yar gidansu ce.

Na ɗauki bokiti ɗaya a mota har Xintang ina jin kaina. Lawban ya zagaya shi, ya tsuguna, ya ƙirga yatsun ganyen. Ya sake ƙirga na wani. Fuskarsa ta canja. Ashe ya nuna wa wani abokinsa hoton ƙwallayen, abokin ya ce masa ai su ma suna da irin bishiyar a ƙasarsu, sunanta ma mai ganye bakwai. Lawban ya ɗaga mini yatsu bakwai, ya nuna shukar, ya ce, "Meyo." Babu ke nan. Kalmar da suke korar ka da ita daga shago.

Na gane abin da yake zargi, don a sana'armu kullum ana yi: a nuna maka samfur, a loda maka wani abu. Yana ganin na kashe ƙwallayensa na je kasuwar furanni na sayo wani tsiro. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma sai da zuciyata ta yi rawa. Ƙasar da na cika bokitin da ita daga gindin wata bishiya na ɗebo ta a unguwarmu. In wani iri ne ya tsiro a ciki, nawa kuma ya mutu fa? Bakwai ko biyar, wa zan gaskata, abokinsa ko ɗalibina?

Sai na durƙusa na sa yatsa ina tone gindin a hankali. Ban yi nisa ba na ji abu mai tauri. Na share ƙasar. Ƙwallon ne, yana nan a maƙale da karan, ya yi duhu amma tabonsa na nan, karan ya fito ta tsagin da ke gefensa. Lawban ya sa tabarau ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya buga kafaɗata ya ƙwala wa wani kira a kawo shayi. Daga baya Likita ya ce mini duk sun yi gaskiya, ta China bakwai take yi galibi, ta Amurka biyar.

Lawban ya ce a bar masa wannan a ƙofar masana'anta. Na ce rana za ta yi mata yawa, ya ce sa'a ba ta shigowa ta bayan gida. Aka ajiye bokitin a kan siminti, aka ɗaura masa jan ƙyalle. Da zafin Guangzhou ya kankama, irin wanda kake jiƙewa kana tsaye, ganyen ya ƙone tun daga baki ya shiga ciki. Masu gadi suka yi ta ɗura mata ruwa don tausayi har saiwar ta ruɓe. Saura ɗaya, wadda ke barandarmu inda rana ba ta wuce hantsi.

Ita ma ba ta bar ni na huta ba. Bayan tashin farko da ta yi kamar za ta taɓa rufi, sai ta tsaya cak. Wata da watanni ba sabon ganye ko ɗaya. Na sa taki, na canja mata wuri, na rage ruwa, na ƙara. Sannan tun damina ba ta ƙare ba, duk garin kore shar, ganyenta ya yi ja ya zube. Aka bar ni da tsinke ɗaya a bokiti, da wani kumburi mai tsini a kansa kamar kan mashi.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Za a yi sadakar uku ko a wuce kai tsaye bakwai?"

Na kankare jikin tsinken da farce kaɗan. Kore ne a ciki, da danshi. Likita ya ce barci take, haka suke yi, kuma ita wannan da wuri take zubar da ganye in ta sha zafi. Kumburin kan nan kuwa a cikinsa duk ganyen baɗi yake, kada in bari wani abu ya taɓa shi. Na ce to yaushe za ta farka? Ya ce abin da ya fahimta shi ne sai ta sake shan sanyi. Ba ƙwallon kaɗai ba, bishiyar ma duk shekara sai an yi mata hunturu, kuma bai tabbata na Guangzhou zai ishe ta ba.

Na zauna na yi tunani. In na bar ta a baranda, wataƙila ta tashi, wataƙila ba ta tashi ba, kuma ba ni da ta biyu da zan gwada. Da sanyi ya shigo na cire duk kantocin cikin firij na tura bokitin gaba ɗaya. Ya shiga, da ɗan sarari a sama.

A waɗancan shekarun babbar salla a tsakiyar sanyi take faɗowa. Alhaji ya haɗa kuɗi da wasu suka sayi rago wajen Musulmin China, ya dawo da kasonsa a buhu yana fara'a. Ya buɗe firij ya tsaya.

"Bakano."

"Na'am, Alhaji."

"Zo ka gaya mini abin da nake gani. Itace a cikin firigo, naman layya a waje?"

"Wata uku ne kawai."

"Wata uku! Busasshen tsinke ya samu ɗaki da iyakwandishan, ibadata tana tsakar gida. In na ba da labarin nan a Damagaram cewa za a yi China ta taɓa mini kai."

Ya yi fushi na gaske, kuma yana da gaskiya, don rabin firij ɗin nasa ne. Na ce masa a gida wa yake sa naman layya a firij? Ba soyawa ake yi ba? Na ɗaura zani a ƙugu na yanyanka naman nan duka, na soya shi a kitsensa har ya bushe, na zuba a gwangwanayen madara. Hayaƙi ya sa maƙwabta suka yi ta buga mana ƙofa. Likita ya zo da abokansa ɗalibai suka ci suka yi guzuri. Alhaji ya ci yana mita, ya ce gishiri ya yi yawa, ya ƙara.

A wannan tsakanin aikina a masana'anta ya yi ta ja da baya. In na je sai a ce gobe. Lawban ya tambayi bishiya, in ce tana barci a firij, ya gyaɗa kai ba dariya. Har yau ban sani ba ko don mutuwar ta ƙofarsa ce yake ja mini rai, ko kuwa cunkoson aikin gab da sabuwar shekararsu ne kawai. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Da iska ta fara ɗumi na fito da ita. Mako na farko ba komai. Sannan kumburin ya ƙara girma, ya tsage, jajayen yatsun nan suka sake fitowa a naɗe. Na kira Alhaji ya gani. Ya daɗe a tsaye, ya ce ikon Allah, ya koma ɗaki. A shekarar ta ƙara tsawo sosai, karan ya yi kaurin yatsa. Na kai wa Lawban hoto, ba bokitin ba. Ya ce yaushe za a dasa a ƙofa? Na ce tukuna.

Da sanyi ya sake zagayowa na ɗauko bokitin zan tura, ya ƙi shiga. Na karkata shi, ƙasa ta zube, ƙofa ta ƙi rufuwa. Alhaji ya ce a datse kan mana. Na ce kan shi ne bishiyar. Ya ce to sayi babban firigo. Na ce baɗi fa? Ya ce baɗi ka kama mata hayar gidan ƙanƙara. Muna tsaye a kicin da bokiti a tsakaninmu na ga ƙarshen dabarata. Abin da aka ce zai wuce bene ba firij ɗin da zai riƙe shi.

Na tafi Xintang da bokitin a hannu. A hanya na shirya yadda zan lulluɓe maganar, da na zauna kuma na ga ba amfani. Na ce masa bishiyar nan tana da rai, ga ta, amma ba za ta rayu a ƙofarsa ba, ba za ta rayu ko'ina a garin nan ba. Tana son inda ƙanƙara ke sauka duk shekara. Na ce zan mayar masa da ƙwallo bishiya, na yi, amma abin da yake so da ita ban iya ba shi. Na gama na jira ya ce meyo.

Ya zuba shayi, ya wanke 'yan kofunan, ya sake zubawa. Ya kalli tsinken ya kalle ni. Sannan ya ce shi ma ba ɗan garin nan ba ne. Ƙauyensu yana can arewa cikin duwatsu, inda ƙanƙara ke rufe hanya, mahaifinsa na can ya ƙi zuwa birni don ya ce zafin Guangzhou zai kashe shi. Ya yi dariya a karo na farko cikin watanni, ya nuna tsinken ya ce halinsu ɗaya. A makon nan ya sa aka ɗora bokitin a kujerar bayan motarsa, aka ɗaure da bel kamar mutum.

Bayan sabuwar shekararsu ya nuna mini hoto a wayarsa, dishi-dishi, wani tsoho da hular sanyi tsaye kusa da tsinke a gindin katanga. A shekara ta gaba ya nuna mini wani, tsinken ya kai ƙirjin tsohon, da ganye. Na sa ya ƙara girman hoton na ƙirga, biyar ne. Daga nan kasuwar jins ta yi sanyi, ya mayar da masana'antar wani lardi, ni kuma na koma harkar tayil, lambarsa ta daina shiga.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Biyu sun ruɓe a bokiti, ɗaya ya yi furfura, ɗaya ya tsiro ya ƙone a kan siminti. Biyun da aka shanya, Alhaji ya tafi da ɗaya Damagaram don kada a ƙaryata shi, ɗayan yana cikin durowata har yanzu, in ka girgiza yana ƙara. Gurbina a masana'anta bai salwanta ba, na riƙe shi har na kai ga loda kwantena ni kaɗai. Na bakwai yana wani ƙauye da ban iya faɗin sunansa ba, in yana da rai yanzu ya isa fure. Ko ruwan ɗorawa ne ko ja, ban sani ba.